Ƙirƙira: Daga Maƙera Zuwa Gona

Ina gaida mutanen Tchaké da ƙauyukan kewaye. Ina gaida na Mayahi da na Tasawa, da duk wanda muryar nan ta iske a bakin Gulbin Kaba. Manoma, ina gajiya? Makiyaya, yaya dabbobi? Iyayenmu mata da ke bakin turmi, sannunku da aiki.

Shirinmu na yau a kan kalma ɗaya zai tsaya. Kalmar ita ce ƙirƙira. Kuna jin ta a rediyo. Kuna jin ta a bakin malaman gona. Kuna jin ta idan an kira taro a magajin gari. Da yawanmu idan mun ji ta, sai hankalinmu ya tafi ga jirgin sama da wayar salula. Sai mu ce wannan ai sha'anin Turawa ne da mutanen Sin. To, yau za mu duba ko haka maganar take.

Shirin kashi biyar ne. Da farko, kalmominmu na gida. Na biyu, kalmomin da ake faɗa a wurin taro. Na uku, labarin sassabin zamani. Na huɗu, wasu dabaru huɗu a taƙaice. Na biyar, yadda za ku gane ƙirƙirar gaskiya daga ta bogi. Ku gyara zama.

Ga kashi na farko, kalmominmu na gida.

Bahaushe yana da kalmomi da dama na samar da abin da babu shi a da. Kowace da wurinta. Idan aka sauya musu wuri, magana ta ɓaci.

Ta farko ita ce halitta. Wannan ta Allah ce shi kaɗai. Shi ne Mahalicci. Shi ke samar da abu daga babu. Duk gwanintar maƙeri, ba a cewa ya halicci gatari. Duk iyawar mai ginin tukwane, ba a cewa ta halicci tulu. Yaro ma ya san wannan.

Ta biyu ita ce ƙira. Ku je maƙera ku tsaya. Ga zugazugi, ga gawayi, ga uwar maƙera, ga masaba. An kawo guntun ƙarfen tsohuwar mota. Maƙeri ya sa shi a wuta, ya yi ja, ya buge shi, ya fito da hauya. Ƙarfen dama akwai shi. Siffar hauyar ma ya gada ce wurin ubansa. Abin da ya sa a ciki shi ne ƙarfinsa da gwanintarsa. Wannan ita ce ƙira.

Ta uku ita ce ta shirinmu, ƙirƙira. A ce maƙerin nan ya lura mata suna kukan itacen girki ya yi tsada. Ya zauna ya yi tunani. Ya yanka tsohuwar gangar ƙarfe. Ya haɗa murhu mai rufaffen ciki, mai ƙofa ɗaya, wanda iska ba ta kwashe wutarsa. Itacen da ke dafa tukunya ɗaya, yanzu ya dafa fiye da haka. Nan ya wuce ƙira, ya shiga ƙirƙira. Ya ga matsala, ya yi tunani, ya fito da hanyar da ba a saba da ita ba.

Ta huɗu sai an yi hankali da ita. Ita ce ƙaga. Ana cewa wane ya ƙago dabara, wannan yabo ne. Ana cewa marubuci ya rubuta ƙagaggen labari, wannan sana'a ce, kowa ya san ba da gaske abin ya faru ba. Amma idan aka ce an yi wa mutum ƙage, to an ɗora masa laifin da bai yi ba. Ita ma ƙirƙira tana da wannan fuska. Idan aka ce maganar nan ƙirƙirarta aka yi, ana nufin ƙarya ce. Saboda haka ku riƙa sauraren abin da ya biyo bayan kalmar. Ƙirƙirar dabara alheri ce. Ƙirƙirar magana fitina ce.

Akwai kuma bidi'a, wadda muka aro daga Larabci. Ana faɗinta a kan sabon abin da aka shigar cikin addini. Wannan fage na malamanmu ne, su za a tambaya. Shirinmu a kan hanyoyin neman abinci yake, wato noma da kiwo da sana'a.

In maimaita. Halitta ta Allah ce. Ƙira ta hannu ce. Ƙirƙira ta tunani ce da hannu tare. Ƙage kuwa ƙarya ce.

Mu shiga kashi na biyu, kalmomin wurin taro.

Waɗanda suka yi lakkwal sun san Faransanci yana da kalmomi uku a wannan fage. Ingilishi ma yana da su, kusan da rubutu iri ɗaya. Idan tafinta ya tashi fassarawa, sau da yawa sai ya ce ƙirƙira a duka ukun. Alhali akwai bambanci, kuma bambancin yana da amfani a gare mu.

Ta farko ita ce kireyasiyo. Ita ce mai faɗi. Da ita suke faɗin halittar duniya. Da ita suke faɗin kafa ƙungiya ko kamfani. Da ita kuma suke faɗin sabon ɗinkin da tela ya fitar.

Ta biyu ita ce ambansiyo. Wannan ita ce ƙago wata na'ura ko wata dabara karo na farko. Asalinta daga harshen Latin ne, inda take nufin a iske abu, a tarar da shi.

Ta uku ita ce wadda ta fi yawa a bakin ma'aikatan raya karkara, inobasiyo. Tushenta a Latin shi ne sabo. Ma'anarta a yau ita ce sabon abin da ya fita daga ɗakin gwaji, ya shiga hannun jama'a, suna aiki da shi, yana amfanarsu.

Ga misali. Wani saurayi ya haɗa injin surfen gero a zauren gidansu. Ya yi aiki sau ɗaya, aka tafa masa, aka ɗauki hoto. Daga nan injin yana jingine, ƙura ta rufe shi. An ƙago, amma bai shiga hannun jama'a ba. Wata mata kuma ta ga ana busar da zogale a inuwa maimakon rana, ganyen yana zama kore shar. Ba ita ta ƙago ba. Amma ta gwada, ta koya wa maƙwabta, yanzu duk unguwar haka ake yi, kuma kuɗin ganyen ya ƙaru. Wannan ita ce ta ukun.

Ku riƙe wannan. Ƙagowa mataki ɗaya ne. Gwadawa mataki na biyu. Yaɗuwa a hannun jama'a shi ne na uku. Sai an taka ukun nan, sannan ƙirƙira ta cika.

Yanzu kashi na uku, kuma a nan za mu daɗe. Labarin sassabin zamani.

Dattawa da ke saurare, kun tuna farin shekarun 1973 da 1984. Kun tuna yadda gonakin jihar Maraɗi suka koma fili fetal. Iska ta taso ta binne shuka da rairayi. Mutum ya yi shuka sau biyu, sau uku, kafin ta kama. Mata su yi tafiya mai nisa neman itace, su dawo da kara da kashin shanu.

A wancan lokaci manomin kirki shi ne mai gona tsaf. Kafin damina a yi sassabe, a sare duk wata sabara da kalgo, a tara a ƙone. Wanda ya bar kututture yana toho, sai a ce rago ne. Ga kuma dokar gandun daji ta lokacin. Itace na gwamnati ne, ko da a gonarka ya fito. In ka sare reshe, tara ce. To, wa zai yi renon abin da ba nasa ba?

An kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itatuwa. A rene su a leda, a ɗauko a mota, a dasa. Rani ya zo, akuya ta ci, gara ta ci, iska ta ƙone sauran. Kaɗan ne ke rayuwa.

Cikin masu wannan aiki akwai wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da ƙungiyar SIM a Maraɗi. A 1983, wata rana ya tsaya a hanya yana rage iskar tayar motarsa don ya ratsa rairayi. Idonsa ya kai kan wani ɗan tsiro a gefen hanya. Ya matsa ya duba ganyen. Ashe ba ciyawa ba ce. Itace ne da aka sare, saiwarsa na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, tana neman fitowa. Ya ɗaga kai ya duba gonaki. Irin wannan toho ko'ina akwai shi. Dajin da ake cewa ya mutu yana nan a binne, ana sare kansa kowace shekara.

Dabarar da ta fito daga nan mai sauƙi ce. Ku saurara da kyau, don wanda bai fara ba ya fara. Idan ka zo sassabe, kada ka share kututturen duka. Duba rassan da suka toho. Zaɓi masu ƙarfi, miƙaƙƙu, daga biyu zuwa biyar. Sare sauran. Waɗanda ka bari, ka rage musu ƙananan rassan ƙasa, kamar zuwa rabin tsawonsu. Ka yi aiki da kaifin gatari ko adda, kana sara daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawon ya yage. Ka ɗaura ɗan ƙyalle, alamar cewa wannan yana da mai shi. Shekara ta zagayo, ka sake gyarawa.

Me ya sa yake saurin girma? Saboda saiwar tsohuwa ce. Ta riga ta yi nisa cikin ƙasa, ta san inda danshi yake. Ɗan itacen leda kuwa sai ya fara neman hanya daga farko.

To, an ƙago. Saura gwaji da yaɗuwa, kuma nan ne aikin ya yi wuya. Manoman farko da suka yarda ƴan kaɗan ne, kuma sun sha dariya. Wasu cikin dare aka sace musu itacen. A yunwar 1984 aka haɗa dabarar da rabon abinci, wato ka bar itace a gonarka, a ba ka hatsi. Da rabon ya ƙare, da yawa suka koma suka sare. Amma wasu suka bari, don sun ga abin da ya faru. Iska ta rage binne shuka. Ganye ya zuba ya zama taki. Ga itacen girki a kusa. Ga abin ba dabbobi da rani. Maƙwabci ya leƙo ya gani. Gani ya kori ji.

Daga nan manoma suka karɓe abin, suka sarrafa shi yadda ya dace da su. Wani ya fi son gawo, don yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, ga ƴaƴansa abincin dabbobi. Wani ya bar aduwa da magarya saboda ƴaƴansu. A kwarin Gulbin Kaba, ga goriba da kabarta, abin saƙar tabarma da igiya. A Ɗan Saga, cikin yankin Agye, mutanen gari suka kafa kwamitin tsaron itatuwa, da mata a ciki, da makiyaya a ciki. Wannan kwamiti shi ma ƙirƙira ne, ko da yake babu ƙarfe ko waya a jikinsa.

Bayan shekara ashirin da wani abu, masu bincike suka gwada hotunan sama na da da na yanzu. Suka ƙiyasta cewa fili mai faɗin hekta miliyan 5 ya farfaɗo a kudancin Nijar, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Itatuwan kuwa sun kai wajen miliyan 200. Doka ma ta biyo baya. An sake dokar gandun daji a 2004, sannan a 2020 gwamnati ta fitar da ƙa'ida ta musamman da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya rena. A 2018 aka ba Tony Rinaudo wata babbar lambar yabo ta duniya a ƙasar Suwidin. Yau ana koyar da wannan dabara a Habasha da Gana da Senegal da wasu ƙasashe da dama.

To, jama'a, wane ne mai wannan ƙirƙira? Baƙon da ya lura yana da rabonsa, ba mai hana shi. Amma barin gawo a gona tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Tun a ƙarni na 19 sarakunan Damagaram suka hana saransa. Kuma itace miliyan 200 ba mutum ɗaya ya rene su ba. Ku ne, da gatarinku, gona bayan gona. Sunan ma, sassabin zamani, ku duba shi. Sassabe na kaka da kakanni ne. Abin da aka sauya shi ne wanda za a sare da wanda za a bari.

Mu je kashi na huɗu. Dabaru huɗu, a taƙaice.

Ta ɗaya, tassa. A yankin Yatenga na Burkina Faso akwai tsohuwar dabarar haƙa ƙananan ramuka a fako. Wani manomi, Yakuba Sawadogo, ya faɗaɗa ramin, ya zuba taki a ciki tun da rani. Gara ta zo cin takin, ta huda ƙasa, ruwan sama ya samu hanyar shiga. A 1989 wasu manoman Illela ta jihar Tawa suka je suka gani da idonsu. Suka dawo suka gwada. Fakon da aka yafe ya koma ba da gero. Aron dabara ba abin kunya ba ne, in dai an gyara ta ta dace da ƙasarka.

Ta biyu, buhun ajiyar wake mai ruɓi uku, wanda ake kira PICS. Leda biyu masu kauri a ciki, buhu ɗaya a waje. Ka zuba busasshen wake, ka matse iska, ka ɗaure kowane baki daban. Ƙwaron da ke ciki ya shanye iskar da ta rage, ya mutu. Ba guba, ba ƙwaya. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta jagoranci aikin, an fara yaɗa shi a 2007. Cikin waɗanda suka gwada shi har ya tabbata akwai Dokta Ibrahim Bawa da abokan aikinsa na cibiyar binciken noma ta INRAN a Maraɗi. Sirrin buhun ɗaya ne, kada iska ta shiga. Leda ta huje, aiki ya ɓaci.

Ta uku, tukunya cikin tukunya. Wani malamin makaranta a jihar Jigawa ta Nijeriya, Muhammad Bah Abba, ya sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba. Ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan yana tsanewa yana tafiya da zafi, cikin tukunya yana sanyi. Dalilin da ke sa ruwan randa sanyi ke nan. Yalon da ke yaushi cikin kwana uku ya kai mako uku da ɗoriya. An ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000.

Ta huɗu, ban ruwa da wayar salula. Wani ɗan Nijar, Abdu Maman Kane, ya haɗa famfo mai aiki da hasken rana da waya. Mai lambu yana gida, ya danna lamba, ruwa ya fara zuba. A 2015 ya samu babbar lambar yabo ta Sarki Hassan na Biyu a kan sha'anin ruwa.

Kun lura? Uku daga cikin huɗun nan ba su buƙatar lantarki. Rami, leda, tukunya. Kowace daga matsala ta taso, fako da ƙwaro da zafi da nisan lambu.

Ga kashi na biyar, na ƙarshe. Yaya za ku gane ta gaskiya?

Yanzu kowa ya gane kalmar sabo tana sayar da kaya. Ranar kasuwa za ku ga mai lasifika da kwalba ba takarda, yana cewa sabuwar fasaha ce, tana kashe kowane ƙwaro. A WhatsApp za a turo muku hoton injin da wai yake aiki da ruwa zalla. Kafin ku fitar da ko dala, ku yi tambaya uku.

Tambaya ta farko, wace matsala tawa wannan abu zai warware? In ba ka iya faɗinta da bakinka ba, ajiye shi.

Tambaya ta biyu, wa ya gwada a ƙasa irin tamu, kuma zan iya zuwa in gani? Abin da ya yi kyau a fadama ba lalle ya yi a jigawa ba. In za ka gwada sabon iri, ware kunya kaɗan a gefen gona. Ka shuka naka na gado kusa da shi, rana ɗaya, taki ɗaya. Da kaka ka ƙirga dammuna. Kada ka zuba gonarka duka a kan maganar baki.

Tambaya ta uku, in ya lalace, wa zai gyara, kuma da nawa? Abin da maƙerin garinku ko mai walda zai iya gyarawa ya fi wanda sai an aika Yamai ko Kano.

In maimaita su. Wace matsala? Wa ya gwada? Wa zai gyara?

Sai kuma ku matasa masu haɗe-haɗe, masu kwance rediyo da injin ban ruwa. In kun ƙago wata na'ura da kuke ganin ba a taɓa yin irinta ba, ku sani akwai takardar mallakar fasaha. Takarda ce da ke hana wani ya kwaikwayi abinka ya sayar ba da izininka ba, har tsawon shekara 20. Nijar tana cikin ƙungiyar ƙasashen Afirka 17 da ke ba da ita, wato OAPI, mai hedikwata a Yawunde ta Kamaru. Sharaɗinta shi ne abin ya zama sabo, don haka a nemi takardar kafin a baza sirrin a duniya. Iyaye kuma, in kun ga yaro yana haɗa mota da kara da gwangwani, kada ku ce ɓarna yake. Ku tambaye shi yadda ya yi. In da hali, ku kai shi wurin mai sana'a ya koya.

Ga aikin da zan bar muku kafin mako mai zuwa. A majalisa ko wurin daka, ku tambayi juna, wace dabara ce ake yi a garin nan yau wadda ba a yi shekara ashirin da suka wuce? Wa ya fara kawo ta? Me aka gyara a cikinta kafin ta zauna? Ku aiko mana da amsa ta hannun wakilanmu, za mu karanta a shiri na gaba, don na Mayahi su ji ta Tasawa, na Tasawa su ji ta Tchaké.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana dabbobi da amfanin gona. Sai mako mai zuwa war haka, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.